KUJERUN DA BABA YA SAYA

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye mujallar nan a tsakiyar littafin lissafi, yau ba labarin saurayi da budurwa na zo muku da shi ba, maganar kujera na zo mu yi. E, kujera dai da kuka sani, wadda muke cewa kushin. Kada wadda ta taɓe baki ta wuce shafin nan, don in dai kina da rabon aure to kina da rabon kujera, kuma duk mai rabon kujera tana da rabon ganin ranar da za ta yi dauɗa.

Ki ɗauki kowane littafin soyayya kika ga dama, na kasuwa ko irin wanda ake turowa ta waya, ba za ki yi shafi ashirin ba sai an shigar da ke wani falo. Kafet mai laushi wanda ƙafa ke nutsewa, labule har ƙasa, ga sanyi ga ƙamshi, ga wasu kujeru na alfarma 'yan waje kalar ruwan madara. A nan yarinyar za ta zauna tana wasa da yatsunta, a nan za a kawo mata lemo ta ce ta ƙoshi. Littafin zai ƙare ranar da aka kai amarya, in ya yi nisa ranar suna. To shekara bakwai bayan nan fa? Bayan an goyi na ɗaya an yaye, an goyi na biyu, an yi tumbuɗi, an yi fitsari, an kifar da kwanon miya, baƙi sun jingina kai da man kitso? Mu marubuta a nan muke ajiye biro, ita kuwa kujera a nan aikinta yake farawa.

Kakata takan ba mu labari cewa a zamaninsu jeren ƙwarya ake yi wa amarya, daga baya aka koma tasa da kwanon samira, a jera su a kan kabad har su kusa taɓa rufin ɗaki, ga gado mai rumfa na ƙarfe. Wurin zama kuwa tabarma ce da 'yar kujerar tsugunno. Kwano in ya yi datti toka da soso sun ishe shi, tabarma a kakkaɓe a shanya, shi ke nan. Kushin fa? Ba ta shiga bokiti, ba ta hawa igiya. Katako ne a ciki, a kansa soso, a kan soson yadi, an bi da ƙusa an ɗaure tam. Duk abin da ya zuba a kanta, wanda kike gani a sama kaɗan ne, sauran ya nutse cikin soso yana zaune abinsa. Shi soson nan, irin wanda kamfanoni kamar Vitafoam suke yi, da sinadaran da ake samu daga man fetur ake haɗa shi, akasarinsu kuma daga waje ake shigo da su. Shi ya sa tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin katifa da na kujera suka yi tashin gwauron zabo. Ko auren gatan da gwamnatin Kano ta yi a watan Oktoba na 2023, inda aka ɗaura wa mutum 1,800 aure da matansu, sai da aka haɗa da gado da katifa, domin kowa ya san abin da ke tsare 'yan mata da yawa a gida ba rashin manemi ba ne, rashin kayan ɗaki ne.

Yayata, wadda nake bi wa ta biyu, an yi aurenta a 2015. Baba a lokacin bai daɗe da barin aikin gwamnati ba, kuɗin sallamarsa bai fito ba, sai ya sayar da wani ɗan fili da yake da shi a bayan gari ya yi mata kayan ɗaki. Shi da kansa ya je wurin kafinta, shi ya zaɓi yadin, wani karammiski ruwan ƙasa mai haske da zanen ganye a jikinsa. Doguwa ɗaya, mai zaman mutum biyu ɗaya, ƙanana biyu. Na tuna Inna tana yi masa tsiya wai namiji ina ya san yadi, shi kuma yana cewa ai shi ya zaɓo ta, don haka idonsa ba ya kuskure. Allah Ya ji ƙan Baba, bai ga haihuwar Yaya ta uku ba.

A ƙarshen 2024 maigidan Yaya ya zo mata da maganar da kowace mace take jin faɗuwar gaba in ta ji an ce "zauna mu yi magana". Zai ƙara aure, an sa rana, saura wata biyu. Ba zan tsaya ba ku labarin kukan da aka sha ba, duk wadda ke da yaya ko gwaggo ta san shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da kukan ya lafa, ba amaryar Yaya ta sa a gaba ba, ba ma mijin ba. Kujeru. Na je na same ta tsaye a tsakiyar falo ta riƙe ƙugu tana kallon su kamar yau ta fara ganin su.

Ta ce, "Ke dubi nan don Allah. Haka dangin yarinyar nan za su zo jere su leƙo su ga inda nake zaune? A tafi da ni a baki a ce uwargida ƙazama ce shi ya sa ya ƙaro?"

Gaskiya kuwa abin ba a cewa komai. Shekara tara da 'ya'ya huɗu. Hannuwan kujerun sun yi baƙi suna ƙyalli saboda annakiya, wurin jingina kai ya yi shatin maiƙo, ga jan tabon manja a kan mai zaman mutum biyu, ga zoɓo, ga zanen biro wanda wani ɗan firamare ya gwada hannunsa, ga wani tabon lalle kamar tafin hannu a gefen doguwar. Yaya ba ƙazama ba ce, wallahi ko cokalinta ka gani ka san mai tsafta ce, kullum cikin shara da goge-goge da turaren wuta take. Amma in damina ta kankama, wajen watan Agusta, akwai wani zarni da yake tasowa daga doguwar kujerar nan wanda ba turaren da yake iya danne shi, sai dai su haɗu su ba da wani wari na uku.

Shawararta ita ce ta sayar da sarƙarta ta gwal da 'yan kunne, ta haɗa da kuɗin faɗar kishiya, ta ɗauki adashi, ta sayi sabon saiti, waɗannan kuma a kira 'yan gwangwan ko masu sayen tsofaffin kaya su kwashe. Da maganar ta je kunnen Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Gwal ɗin shi ne abin da za ki kama ranar da babu. Kujerun kuma filin ubanku ne." Daga nan ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

A nan fa masu ba da shawara suka yi caa. Wata ta ce a jiƙa omo mai yawa a sa burushi a dirje. Wata ta ce fetur ne maganin maiƙo. Fetur, a gidan da ake kunna risho da gas, ga yara! Wata ta ce a zuba ruwan nan na wanke farin kaya da muke cewa bilic. Allah Ya taimake mu akwai wata maƙwabciyar Yaya da ta riga ta bi wannan hanyar, ta ja mu ɗakinta ta ɗaga zanin da ta lulluɓe kujerarta da shi. Wurin da ta zuba ya koɗe ya yi fari fat kamar cin wuta, gefensa kuma ga wani jirwaye ruwan ƙasa ya zagaye kamar taswira. Ita ce ma ta ce, "Ku nemi masu inji, ni da na sani tun farko da su na kira."

Samun mai injin bai yi wuya ba, ƙanenmu ya samo lambar wani ta wurin abokinsa da ke aiki a wani otal. Abin da ya ɗau kwana uku shi ne izinin maigida, don gidan Yaya ba a shiga. Da farko cewa ya yi wane irin ƙato ne zai shigo masa ɗakin mata da sunan wankin kujera? Daga baya aka daidaita a kan za a fito da kujerun tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ƙanenmu yana wurin, Yaya kuma da hijabinta.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga su a a-daidaita-sahu, shi da yaronsa, da inji biyu, da ɗan janareta, da jarkoki, da tarin fararen tawul. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ba shi da yawan fara'a. Ni na zaci yana zuwa zai hau fesa ruwa. Ina! Sai ya ɗauki kusan rabin awa yana zagaya kujerun, yana shafawa, yana sunsunawa, yana tura hannu cikin lungu, yana tambaya kamar likita.

"Hajiya, wannan na mene ne?"

"Manja ne, Malam."

"Ya kai shekara?"

"Ya fi."

"An taɓa sa masa wani abu?"

"Ruwan zafi da omo."

Ya girgiza kai bai ce komai ba. Ya matsa kan doguwar, ya danna tsakiyarta da tafin hannu, ya kai hanci. "Nan fa, wa yake kwana?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ɗanta na fari ne, kun san kuwa ba za ta faɗi sunansa ba ko da wuƙa a wuya. Ta ce, "Yaron nan ne, lokacin yana ƙarami, in barci ya ɗauke shi a wurin kallo." Yaron nan kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ɗan shekara takwas, ai kuwa sai ya sulale ya bar gidan, ba mu ƙara ganin sa ba sai la'asar.

Ni da ba na iya ganin abu in yi shiru na ce, "Malam, wai duk tambayar nan ta mece ce? Datti ai datti ne."

Ya ce, "A'a ƙanwata. Ciwon kai da ciwon ciki duk ciwo ne, amma ba magani ɗaya ake sha ba."

Daga nan, yana aiki ina bin sa da tambaya, har yaronsa ya fara dariya. Abin da na fahimta shi ne, su a wurinsu tabo dangi-dangi ne. Akwai wanda ya fito daga jiki ko daga dabba, irin su jini, madara, ƙwai, tumbuɗi da amai. Wannan ba ya son zafi ko kaɗan, domin zafi dafa shi yake yi ya kama zaren yadi, kamar yadda ƙwai yake ƙanƙamewa a kasko. Ruwan sanyi ake fara sa masa. Ku riƙe wannan da kyau 'yan mata, don ba a kujera kaɗai zai yi muku amfani ba, har a zanin gado da siket ɗin makaranta, kun dai gane. Akwai dangin maiƙo, su manja, man gyaɗa, man shanu, man kitso da basilin, waɗanda ruwa zalla ba ya taɓa su, sai dai ya ƙara baza su. In sabo ne, a ɗebe na sama da cokali, a barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai a bar shi ya tsotse, a kakkaɓe, sannan a bi da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa. Sai dangin rini, su zoɓo, shayi, goro da lalle, waɗanda su launi suke bai wa yadin, kuma su ne masu taurin kai. Biro kuwa sifirit yake ji, a ɗiga a auduga a riƙa dangwalawa.

Dangwalawa, ba dirza ba. Wannan kalmar ya fi sau goma yana maimaita ta. Ya ce dirza tana tura dattin ciki, tana faɗaɗa shi, tana kuma kashe gashin karammiski. Farin tawul ake sawa a danna a ɗaga, a faro daga gefen tabon a nufo tsakiya. Fari kuma don ki ga abin da yake fitowa, kuma don kada tawul mai launi ya zuba a kan kujerar ki koma neman maganin tabo biyu.

Kafin ya sa ko ɗigon ruwa, sai da ya juya ƙaramar kujera ya sami wani lungu a baya ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ya ɗiga maganinsa, ya danna tawul, ya jira. Yana duba ko yadin yana zuba. Ya ce wasu kujerun 'yan waje, musamman na Amurka, suna zuwa da 'yar takarda a ƙarƙashi mai harafi: W na nufin ana iya sa mata ruwa, S na nufin sai maganin da babu ruwa a cikinsa, X kuwa ba a sa mata komai sai injin zuƙar ƙura. Namu na kafinta ba su da takarda, don haka gwaji shi ne takardarsu.

Sannan aka tayar da janareta aka fara da injin zuƙar ƙura, a bushe. Jama'a, in kun ga abin da ya fito daga kujerun nan! Ƙurar hunturu tara, ɓawon gyaɗa, ƙwayar shinkafa, ribbom, murfin biro, tsinken sakace, tsofaffin kuɗi, har da wani ɗan kunne ƙwaya ɗaya da Yaya ta yi shekara huɗu tana zargin wata 'yar aiki da shi. Ta karɓa ta juya shi a hannu tana ta istigfari. Malam ya ce duk wanda ya jiƙa kujera bai fara cire ƙurar nan ba, taɓo ya kwaɓa.

Bayan nan ya bi kowane tabo da nasa maganin, ya fesa wani ruwan sabulu marar kumfa a jikin kujerar gaba ɗaya, ya bi da burushi mai laushi a hankali, ya bar shi kamar minti goma. Sai babban injin. Shi wannan baki ɗaya gare shi amma aiki biyu yake yi, yana fesa ruwan ɗumi cikin yadin yana kuma zuƙe shi nan take ya tara a wata tanka. Bakin nasa garau yake kamar gilashi, kana ganin ruwan yana wucewa. Na farko da ya fito baƙi ƙirin kamar ruwan kwata. Yaya ta rufe fuska ta ce, "Innalillahi, a kan wannan muke zaune?" Ya bi ya sake bi, ruwan ya koma ruwan ƙasa, ya koma kalar shayi, har ya zo yana fita kusan fari. Sai ga zanen ganyen nan ya fito, wanda wallahi ni na manta ma akwai shi.

A nan na gane abin da ya sami kujerar maƙwabciya, da kuma dalilin da ya sa wankin hannu yake ba mu kunya. Mu zuba ruwa muka iya, ba mu da hanyar fitar da shi. Ruwan sai ya nutse cikin soso ya jiƙa tsohon dattin da ke kwance, in ya tashi bushewa sai ya biyo yadi ya hau sama da dattin, ya tsaya a gefe ya yi jirwaye. Omon da ba a ɗauraye ba kuma danƙo yake bari, ƙura ta zo ta manne, bayan wata ɗaya kujerar ta fi da baƙi. In kuma soson ya kwana biyu a jiƙe, funfuna ta samu gida, daga nan sai wari, sai tari da atishawa, mai asma kuwa ya shiga uku. Shi ya sa ya ce aikin nan ya fi daɗi da hunturu ko bazara, iska a bushe, ba tsakiyar damina ba. Kuma ba a ƙwallar rana ake shanyawa ba, rana tana cin launi, inuwa mai iska ake so, a kunna fanka.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya yi wanda na ce sai na isar muku da shi ko da shi kaɗai ne. Bilic ba a haɗa shi da komai. In ya haɗu da abu mai tsami, kamar ruwan khal ko lemon tsami ko wasu magungunan wanke masai, wata iska mai guba yake fitarwa. In ya haɗu da tsohon fitsari ma haka. A ɗaki rufe tana iya shaƙe mutum. Mu kuwa mun saba da tunanin in an haɗa magani biyu ya fi ƙarfi.

Ba komai ne ya fita ba, kuma tun kafin ya fara ya faɗa, abin da ya sa na ƙara ganin girmansa ke nan. Manjan ya tafi saura wata 'yar inuwa wadda sai an nuna miki. Zoɓo da biro sun tafi. Amma da ya zo kan doguwar sai ya kashe inji ya ce, "Hajiya, zan iya wanke yadin nan ya yi fes, ki biya ni in tafi, damina na zuwa zarnin ya dawo ki ce na cuce ki. Fitsari in ya bushe yana barin wani gishiri a cikin soso, da ya ji danshi sai ya farka. Na kwana ɗaya ko na wata ɗaya muna da maganin da yake cinye shi. Na shekaru, ya kai har katako, soson nan sai dai a canza." Haka aka yi. Washegari ƙanenmu ya kira mai gyaran kushin ya farke ta ƙasa. Soson ya yi ruwan ɗorawa yana marmashewa kamar tsohon burodi. Aka yanko sabo aka sa, aka goge katakon aka bar shi ya sha iska.

Lallen ma ya ƙi. Ya ce shi lalle an yi shi ne don ya kama, ba zai yaudare ta ba. Mai gyaran kushin ya kawo dabara, ya ce bayan doguwar ai bango yake kallo, sai a yanko yadi daga can a maye gurbin mai tabon, bayan kuma a rufe da wani yadin daban, ba mai sani. Dabara ce mai kyau, kuma ana yin ta sosai. Yaya ta yi shiru tana kallon tabon, sannan ta ce a bar shi. Mai gyara ya ce, "Hajiya ba wani kuɗi ba ne fa." Ta ce ta sani, a bar shi. Sai da suka tafi take gaya min na ranar sunan ɗanta na biyu ne, an yi mata ƙunshi bai bushe ba aka ce ga Baba ya zo, ta miƙe da sauri ta dafa kujerar. Zuwansa gidan na ƙarshe ke nan, kuma a kan doguwar ya zauna.

Allah Ya rufa asiri ba a sami kuɗin cizo ba, don sai da ya bi duk ɗinkin da tocila yana neman ɗigon baƙin kashinsu. Ya ce gidaje da yawa wannan ce ainihin matsalar, kunya ce take hana a faɗa, sai a sayo fiya-fiya a yi wa kujera wanka da shi, a rufe ɗaki, da dare yara su kwanta a kai. Maganin ƙwarin gona ne fa, ba na ɗakin kwana ba, shi ya sa ma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa barkatai a kasuwanni da kantuna. Kuɗin cizo zafi ne ajalinsa, tururi mai zafi sosai yana kashe shi har ƙwansa, sai dai dole a sake dubawa bayan mako biyu saboda wanda ya ɓuya. Wannan kuma ya sa duk mai niyyar sayen kujera ta hannu ta buɗe ido, kada ki sayo araha ki kwana kina susa.

Da aka yi lissafi, wanki da sabon soso da ladan mai gyara, duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin saitin da Yaya ta taya ba. Sarƙa ta koma cikin akwati.

Ina kallon mutumin nan yana naɗe wayoyinsa wani tunani ya zo min. Kwana uku muka yi muna roƙon izini don kawai shi namiji ne. Gida nawa ne a Kano, a Zariya, a Katsina, da ba za a taɓa ba shi izinin ba? Kujerun matan aure suna ɗakunan matan aure, wanda kuma zai shiga har ƙuryar ɗaki ba tare da an ce wane ne ba, mace ce. Muna ta rububin kitso da ƙunshi da ɗinki da sayar da turare, layi ɗaya sai ki sami mutum biyar suna sana'a iri ɗaya, ga wannan kuwa ba kowa. Ba ƙarfi take buƙata ba kamar yadda na zata, yaron Malam bai fi ni jiki ba. Sani take buƙata, da haƙuri, da jarin inji, wanda 'yan mata uku in suka haɗa adashi ba zai gagare su ba. Na tambaye shi ko zai koya wa mace, ya ɗan yi murmushi, karon farko tun zuwansa, ya ce ba wadda ta taɓa tambaya.

Ranar jere dangin amarya suka zo da motar kaya, kujeru sababbi fil a cikin leda, ana guɗa. Kamar yadda aka saba suka shigo gaida uwargida, ido yana yawo. Wata dattijuwa a cikinsu ta shafa hannun kujera ta ce, "Ma sha Allah, ke ma sabo aka yi miki?" Yaya ta ce, "A'a Gwaggo, na aurena ne, mahaifina ya saya min." Matar ta ƙara shafawa ta ce, "Allah Ya ji ƙan mazan jiya, irin wannan katakon yanzu sai an tona." Ta zauna a kan doguwar, aka kawo mata ruwa.

Kada ku zaci zan ce muku daga nan maigida ya ga falo yana ƙyalli ya fasa aure, wannan sai a littafi. An ɗaura, an kawo amarya, Yaya ta yi kukanta a daren, ni na kwana a wurinta na sani. Shi maigidan ma sai bayan kwana bakwai ya lura, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaushe kika canza kujeru?" Ta ce ba ta canza ba. Ya ce to, ya wuce.

Yanzu ta ɗinka musu riguna na atamfa masu zogewa, ta sa ƙananan tawul a wurin jingina kai da hannuwa, duk Juma'a a cire a wanke. An kafa doka ba a cin abinci a kan kujera, dokar da autarta take karyawa kullum. Damina ta zo ta wuce ba a ji zarni ba. Amaryar ma, da cikinta ya tsufa, ita da kanta ta shigo ta ce, "Yaya, don Allah in na haihu ki ba ni lambar mutumin nan." Yaya ta ce, "Ki fara sayen leda da farin tawul tukuna, lambar tana nan."